Uwa a Baƙon Wuri: Abin da Ƙaura Ke Yi wa Raino a Ƙasar Gwandu

Duk inda mata suka taru a gidan suna, ko a Gwandu ko a Kalgo, da wuya a watse ba a taɓo wannan zance ba. Tsofaffi su ce matan yanzu ba su iya raino ba: babu kunyar ɗan fari, an raina wankan jego, yaro ya yi atishawa sai asibiti, ga shi ba a isa a tsawata wa ɗansu ba. Su kuma masu goyon, in sun keɓe, sai su ce su Inna ba su san halin da ake ciki ba, domin a zamaninsu mace ba ta taɓa kwana ita kaɗai da jariri mai zazzaɓi a gidan haya, miji yana Legas, maƙwabciya kuma ba ta jin yarenta. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Sai dai a ganina an ɗora laifin inda bai dace ba. Zuciyar uwa tana nan yadda Allah Ya halicce ta. Hannuwan da ke kewaye da ita ne suka ragu, kuma babu abin da ke raba mace da waɗannan hannuwa farat ɗaya kamar ƙaura.

Ƙasar Gwandu ta dace da wannan nazari, don gidaje da yawa in ka tona za ka iske daga wani wuri kakanninsu suka zo suka tarar da Kabawa. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda tushen kakanninsu Futa Toro ne, sun bar Degel a watan Fabrairun 1804 suka yi hijira zuwa Gudu. Da mata da goyonsu da tsofaffi da littattafai aka tashi, aka yi ta yawo har ƙasar Zamfara cikin yunwa da cuta, kafin a sauka Gwandu a 1805. A ƙarshen shekarar aka sha kashi a Alwasa, abokan gaba suka biyo har bakin gari, da ƙyar aka kore su. A cikin wannan hali matan farko na garin suka yi goyo. Bayansu Zabarmawa da Arawa suka yi ta kwararowa daga wajen Dosso da Dogon Dutsi, wasu gudun yunwar 1913 da ta 1931, wasu gudun haraji da aikin dole na Faransa, wasu kuma farin 1973 da na 1984 ya koro su. Fita ma ba a daina ba: 'yan albasa da masu ɗorin Aliero, 'yan ci-rani, fataken Gana, da alhazan ƙafa da suka yi zamansu a Sudan.

A tsohon tsari haihuwa ba aikin mace ɗaya ba ne. Mai cikin fari, in cikin ya tsufa, gidan iyayenta ake mayar da ita goyon ciki. Miji ya tara itacen jego tun da wuri. Ungozoma ta yanke cibi, ta binne mahaifa, ta riƙa zuwa gashin cibi. Kaka ko gwaggo ta tashi tun asuba ta dafa ruwa, ta yi wa maijego wanka da ganye safe da yamma har kwana 40, a dama mata kunun kanwa, a dafa mata ƙauri da yaji. A waɗannan kwanaki ba ta daka, ba ta surfe, ba ta zuwa rijiya. Abin da ake so daga gare ta kawai ta ci, ta ba da nono, ta huta. In yaro ya kai kamar shekara 2 aka tashi yaye, gidan kaka ake kai shi, wani lokaci ma can zai yi zamansa har ya girma.

A nan kunyar ɗan fari take samun ma'anarta. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ko kuka yake ba ta ɗaukarsa in surukai suna wurin. Fulani sun fi kowa tsanantawa, Zabarmawa ma ba a bar su a baya ba. Wanda bai san gidan Bahaushe ba zai ce rashin so ne. Alhali kunyar aiki take yi: tana janye uwar, wadda galibi yarinya ce ɗanya, ta ba manya wuri su riƙe yaron. Son da uwa ta ɓoye, kaka ce ke bayyana shi a fili, da wasa da zolaya, ta kira jikanta mijinta, ta ɓoye masa ɗumame, ta hana a doke shi. An raba aikin uwa kashi-kashi, kowace mace a gidan da nata rabon. Har wadda ba ta haihu ba tana da nata. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma dangi sun ba ta riƙo, ta raini yara, ta aurar, ta zama uwa a idon kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanen da ba su taɓa tsammanin mace ɗaya ta ɗauki ɗa ita kaɗai ba.

Kada a ɗauka ina cewa wancan zamani babu aibu. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe shaida ne na yawan 'ya'yan da uwa ke binnewa kafin ɗaya ya tsaya. An sha zubar da daƙashi ana cewa dauɗa ne. Akwai 'yan riƙon da suka tashi cikin bauta a gidan da aka ce gidansu ne. Akwai matan da yankan gishiri da doguwar naƙuda suka bar su da yoyon fitsari. Zan komo kan wannan.

Daga cikin mutanen da aka yi ta rubuta labarin uwayensu a baƙon wuri akwai Yahudawan gabashin Turai da suka koma Amurka da Ingila. Na san da jin sunan wasu za su tuna Falasɗinu, kuma ba laifi su tuna. Waɗanda nake magana a kansu talakawa ne, teloli da masu ƙananan sana'o'i, da suka gudo daga daular Rasha saboda farmakin da aka riƙa kai wa unguwanninsu tun 1881, shekaru da dama kafin a kafa Isra'ila. Daga lokacin zuwa 1924, sa'ad da Amurka ta kafa dokar da ta toshe ƙofa, kimanin mutum miliyan 2 suka tsallaka teku. Ba ci-rani suka je ba. Da matansu da 'ya'yansu suka tafi, fiye da kashi 40 cikin 100 mata ne, kuma kaɗan ne suka koma. Tsofaffi da yawa kuwa an baro su a baya, ba a sake ganin juna ba.

Uwar da ta yi ƙaurar ta saba da neman na kai tun a gida. A gidajen masu karatun addini sau da yawa mata ne ke riƙe da shago miji yana gaban littafi, abin da matar malami a nan ba za ta yi mamakinsa ba. A New York ta sami kanta a ɗakuna biyu ko uku masu duhu, ta saukar da 'yan haya a cikinsu, ta karɓi ɗinki tana yi a gida, 'ya'ya su kawo mata albashinsu ba su buɗe ba. Ba mata ne masu sanyi ba: a 1902, da farashin naman yankan addininsu ya tashi daga santi 12 zuwa 18, su suka fito titi suka hana saye har aka sauko. 'Yarta kuwa masana'antar ɗinki ta shiga tun tana budurwa. Gobarar masana'antar Triangle ta 25 ga Maris 1911 ta kashe mutum 146, yawancinsu 'yan matan Yahudawa da na Italiya.

Wannan 'ya ita ce a tsakiya, kuma ita ta fi shan wuya a zuci. Ta koyi Turanci a makaranta, ta zama tafintar uwarta a gaban likita da mai gidan haya, yarinya tana fassara wa babba duniya. Daga nan sai jin nauyi ya shigo: tana kunyar a ga uwarta da ɗankwalinta da yarenta na Yidish. Jaridarsu ta Forverts ta buɗe shafin wasiƙun masu karatu a 1906, ya cika da kukan iyayen da 'ya'yansu suka fara ƙyamarsu. Da ita 'yar ta zama uwa, sai ta tsaya a 'ya'ya 2 ko 3, ta koma sabuwar unguwa nesa da dangi, ta riƙi littafin likita Benjamin Spock na 1946 a maimakon shawarar tsohuwa. Duk tsoron da ta gada da duk burin da ba ta cika ba ta juye su a kan waɗannan yara. Masu barkwanci na shekarun 1950 da 1960, da yawansu 'ya'yan irin waɗannan mata, suka mai da ita abin dariya: uwa mai takura, mai ɗura abinci, mai sa ɗa jin ya yi laifi. Masaniyar tarihi Joyce Antler ta bi diddigin wannan zolaya a littafinta na 2007. Ni dai abin da na gani a ciki shi ne kulawar da da can mata goma ke rabawa ta taru a kan mace ɗaya, yaron ya ji nauyinta, ita ma ta ji.

Amma wahalar ba ta tafi a banza ba. Mahaifiyar Ruth Bader Ginsburg ta yi aiki a masana'antar tufafi don ɗan'uwanta ya yi jami'a, ita ba ta samu ba, ta rasu a 1950 ana gobe 'yarta za ta gama sakandare. A 1993 'yar ta zama alƙaliya a kotun ƙolin Amurka. Jikoki kuma, kamar yadda Marcus Hansen ya lura tun 1938, sukan dawo suna neman abin da iyayensu suka yi ƙoƙarin mantawa. Sai ga jika tana biyan kuɗi a jami'a don a koya mata yaren da kakarta ke yi mata wasa da shi, bayan kisan kiyashin Hitler ya riga ya shafe garuruwan da ake jinsa.

Akwai wani abu ɗaya a tarihinsu da ya kamata mu riƙe. Duk da talauci da cunkoso, jariransu ba su mutu kamar na maƙwabtansu ba, a New York da gabashin Landan duka, har likitocin zamanin suka yi ta mamaki. Dalilan da aka gano sun haɗa da doguwar shayarwa da tsabtar abinci da kuma ƙungiyoyin taimakon juna. A Landan wata mata mai suna Alice Model ta kafa ƙungiya a 1895 wadda ke tura mata gidan wadda ta haihu su yi mata shara da girki da kula da sauran yara har ta warware, a 1911 kuma suka buɗe gidan haihuwa nasu. Wato sun ga an baro kaka a Rasha, sai suka zauna suka tsara wanda zai yi aikinta.

A shari'arsu ta gargajiya ɗa uwarsa yake bi wajen zama Bayahude. Mu a nan ɗa na uba ne, sunansa yake ɗauka, asalinsa yake bi. Amma tarihin Gwandu ya nuna akwai gadon da ba ya bin uba, shi ne harshe. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa ke nan garin, da Larabci ya rubuta tafsirinsa, amma Fulatanci ne yaren gidansu, da shi Shehu ya yi waƙoƙinsa da dama. Yau zuriyarsu Fulani ne a suna da asali, Hausa kuwa suke yi tun daga shimfiɗa. Babu sarkin da ya kafa doka a kan haka. Abin ya faru ne a cikin gida. Bayan jihadi manyan gidaje sun cika da mata da ƙwaraƙwarai da masu raino daga ƙabilu daban-daban, Hausa ce ke haɗa su, yaron da ke goye kuwa yaren mai goyonsa yake ji. Uba yana zaure da almajirai, ba shi ke lallashin mai kuka ba. Ka dubi Fulanin ruga da ke fadamun Kalgo da Bunza: sun fi kowa yawo, amma Fulatancinsu yana nan daram, saboda in za su tashi, da inna da goggo da kaka duk tare ake tashi. Tafiyar ba ta raba yaron da matan da ke magana da shi ba. Zabarmawan da suka shigo gari kuwa hanyar da aka saba suka bi: kaka ta yi Zabarmanci, 'yarta ta ji ta mayar da Hausa, jika bai wuce gaisuwa ba.

Wadda ta fi kowa fahimtar wannan a zamaninta ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu. An haife ta a 1793, tana kamar shekara 11 aka yi hijira, ta sha hanyar da ƙafarta. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sauran matan Shehu suka raine ta, wato ita kanta 'yar tsarin hannuwa da yawa ce. Da yaƙe-yaƙe suka lafa, ƙasa ta cika da matan da suka rasa maza da waɗanda aka kamo da waɗanda aka raba da garuruwansu, ga su uwaye amma babu mai nuna musu hanya. Tun daga shekarun 1830 ta fara naɗa jajoji, wato mata jagorori, ta ba kowace malfa, su riƙa jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koyi karatu su koma su koyar. Waɗanda ke tafiyar 'yan mata ne da dattawan mata, su ke kai wa masu goyo ilimi har ɗaki. Ta kuma mayar da waƙoƙi zuwa Hausa, don ta ga yaren da matan ke ji ke nan. Ba ta tsaya makokin Degel ba, ta ɗinke wa baƙin mata sabon dangi. Tushen abin kuwa tun daga gidansu yake, don tun kafin jihadi baffanta Malam Abdullahi ya mayar wa wani malami, Mustafa Goni, martani a kan zuwan mata wurin wa'azi, ya nuna masa barinsu cikin jahilci ya fi muni.

Waɗanda suka fita daga ƙasar Hausa labarinsu ya bambanta gwargwadon yadda suka fita. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har gaɓar kogin Nilu a Sudan suka kafa gari. Da yake al'umma ce guda ta tashi, har yau ana jin Hausa da Fulatanci a can. A Makka da Jidda kuwa jikoki da yawa sai sunan Hausawi ya rage musu, bakinsu Larabci. A unguwar Sabo ta Ibadan, Abner Cohen, wanda shi kansa Bayahude ne haifaffen Iraƙi, ya iske Hausawa a farkon shekarun 1960 sun ƙara ƙanƙame al'adarsu fiye da na gida, riƙon 'ya'ya kuma ya zama hanyar ƙulla zumunta tsakanin mutanen da jini bai haɗa su ba. A zangon Kumasi, Enid Schildkrout ta ga 'ya'yan Mosawa sun tashi da Hausa a bakinsu, domin ita ce yaren tsakar gida a zango, matar mai gida da maƙwabciya suka zama inna da gwaggo. Sai ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta Gana a watan Nuwamban 1969. Matan da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Nijeriya ba, aka loda su a mota da 'ya'yansu zuwa garuruwan mazajensu. Suka iso inda aka ce musu gida ne, suka tarar su ne baƙi, ana yi wa girkinsu da Hausarsu da sakewarsu da 'ya'ya kallon banbaraƙwai.

Yau ba sai an tsallake iyaka ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin kuma ya kasance a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin jiha da ke Kalgo, garin ya sami sababbin baƙi: malamai, ma'aikatan jinya, ɗalibai masu aure, matan ma'aikata daga Zuru da Yawuri da Kano da Ilori da ma kudu. Irin wannan mace takan haihu a asibiti, a sallame ta ta koma gidan da babu kowa sai ita da miji. In an yi sa'a uwarta ta zo ta yi mako biyu ko uku, ta koma don ita ma tana da nata gidan. Hutun haihuwa ya ƙare, aiki na jira. Wa za ta yi wa kunyar ɗan fari? In ba ta kira sunansa ba babu mai kira, in ba ta yi masa wasa ba babu mai yi. Tsofaffi su ga ta rungume shi tana sumbata a gaban jama'a su ce ta zubar da mutunci, alhali aikin kaka ne ya faɗo mata a kan nata.

Waya ta rage nisa, amma ta kawo nata rikicin. Za ka ji irin wannan a gidaje da yawa. 'Ya ta ce, "Inna, malamar asibiti ta ce kada a ba shi ruwa sai ya yi wata shida." Uwar ta ce, "Ke, da wannan zafi na Kabi? Ku da muka ba ruwa me ya same ku?" Sai 'yar ta ce, "To Inna, Allah Ya huci zuciyarki," ta kashe waya ta rasa na wa za ta bi. In ta bi asibiti ta ji kamar ta raina mahaifiyarta, in ta bi mahaifiya ta ji tsoron ranar awo. Tafintar nan ce ta New York ta sake bayyana a Kalgo. Maganin da masu hali suka samo kuwa shi ne wanda ya fi ba ni takaici: a ɗauko yarinya 'yar shekara 10 ko 12 daga ƙauye ta zama 'yar aiki. An maye gurbin dattijuwa mai hankali da yarinyar da ita ma raino take bukata, an kuma raba ta da makaranta da tata uwar.

Akwai kuma wadda ba ta je ko'ina ba amma ƙaura ta same ta har gida. Mijinta yana Legas ko Fatakwal ko wurin haƙar zinariya, sai ɗan abin da ya turo ta waya, ita ce uwa ita ce uba. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga Zamfara da gabashin Sakkwato da kudancin Jihar Kebbi, suka iso da goyo babu ko tukunya, babu wanda zai dafa musu ruwan jego.

Ga masu cewa a koma tsarin da kawai, akwai lissafin da ba ya barin mutum ya yi barci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Jihar Kebbi yara 252 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara 5, adadin da ya fi na kowace jiha a Nijeriya. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A binciken dai, ko haihuwa 1 cikin 10 ba a yi a asibiti ba. Ashe ba yawan zuwa asibiti ne ke kashe mana 'ya'ya ba. Yawancin matanmu a tsakiya suke, inda ya fi ko'ina haɗari: tsohon tsarin ya sassauta, sabon bai iso ba.

Shi ya sa gardamar wankan jego take bukatar a yi ta da hankali. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun nuna tun shekarun 1970 cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a Zariya, har kusan mace 1 cikin 100, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta ya ƙara haske, ya nuna talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam suna da babban hannu. Ko ta wace fuska aka duba, maijego ba ta bukatar a ɗura mata kanwa ko a ƙona mata fata. Amma 'yar boko da ta yi watsi da jego gaba ɗaya ta yi asarar abin da likita ba zai rubuta mata a takarda ba: kwana 40 na hutu, abinci mai kyau, da babbar mace a kusa wadda za ta ga jini ya yi yawa ko ƙafa ta kumbura ko maijego ta daina magana, ta ce a tashi a tafi asibiti. A bar kanwa da yankan gishiri da cire beli da zubar da daƙashi. A riƙe hutun, a riƙe rakiyar, a riƙe shayarwar shekara 2 da Alƙur'ani ya ambata.

Hukuncina shi ne matan yanzu ba su gaza ba, an dai bar su su kaɗai, kuma zargi ba ya dafa ruwan wanka. Abin da Nana Asma'u ta yi, abin da matan zango suka yi, shi ne aikin da ke gabanmu. Makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda ke aiki tun 1985, suna da mata a kowace unguwa, za su iya sanin wace baƙuwa ce ta kusa haihuwa, su raba kwanakin jegonta a tsakaninsu. Asibitocinmu su riƙa gayyatar kakanni da surukai ranar awo, don wadda za a yi wa bayanin ruwa da daƙashi ita ce wadda ake jin maganarta a gida. Jami'a da ma'aikatu su tanadi ɗakin raino kusa da wurin aiki. Magidanci kuma ya sani tara itace da sayen ragon suna ba su ne ƙarshen aikinsa ba, tunda shi ya raba ta da gidansu. Gwamnatin tarayya ma ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza tun 2021, a yi amfani da shi a gida.

Ke kuma da kika girma da Fulatanci ko Zabarmanci ko Dakarci, yi wa ɗanki magana da shi tun yana goye, ko da uban ba ya ji, don ba za a koya masa a makaranta ba. Inna, in 'yarki ko surukarki ta haihu a wani gari, ki je, ki daɗe gwargwadon hali, ki bi ta asibiti ki ji abin da malamar za ta ce. In kuma baƙuwa ce ta haihu a maƙwabtanki, kada ki jira ranar suna, ki shiga yau ki tambaye ta wa ke yi mata wanka.